Sauƙin da Likita Ya Faɗa

Gomari, Maiduguri
Farkon Agusta

Zuwa ga Yayana Yoila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya Tabitha da nauyin jiki? Ka gaishe min da ita, ka ce ta bar hawa wancan tudun naku da bokitin ruwa har sai ta sauka lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke layin waya a garin nan muka koma zamanin kakanni. Masu hali suna tafiya har Damaturu su buga waya su dawo, ni kuwa ba zan iya barin Baba shi kaɗai ba. Umara direba, mai jigila tsakanin nan da Jos, shi ya yarda zai riƙa kai maka saƙo ofis.

Yaya, Baba ba shi da lafiya, kuma ba yau abin ya fara ba. Ka san halin tsohon naka da ɓoye ciwo. Tun bayan bikin Ista ya fara cewa nama ya yi tauri. Daga nan sai ya ce tuwona ne ba ya nuna, ni da nake tuƙa masa tuwo tun rasuwar Mama. Har fushi na yi da shi. Ashe abincin ne yake tsaya masa a ƙirji. A hankali ya koma kunu, yanzu kunun ma sai na tace shi ya zama kamar ruwa, kuma rabi yana dawowa. Wandunansa duk sun yi masa yawa, da kansa ya ƙara huji a bel ɗinsa don kada in gane.

Ranar Jibin Ubangiji, da ake raba gurasa a coci, asirinsa ya tonu. Ina zaune a layin zumuntar mata ina hango shi. Ya karɓi gurasar, ya yi ta taunawa, ya yi ta taunawa, can sai ya kau da kai ya zuba ta a hankici. Mutumin da ya tsufa yana raba wa jama'a gurasar nan. Da muka koma gida ban ko cire ɗankwali ba na ce gobe asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Sun zura masa wani siririn tiyo mai haske ta baki, sun gutsuri ɗan nama sun kai gwaji, sun kuma ɗauki hoton cikinsa. Likitan da yake duba shi sunansa Harun, wani dogon Bashuwa mai magana a hankali. Ya ce ciwon daji ne, daidai inda hanyar abinci take sauka cikin tumbi, ƙullutu ya fito a wurin ya toshe hanya. Da na ji kalmar daji sai na kama kuka a gabansa. Sai ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Za mu yi masa aiki, in sha Allahu zai samu sauƙi." Na ce, "Likita, zai samu sauƙi?" Ya ce, "Zai samu." Yaya, ban san lokacin da na durƙusa ina yi masa godiya ba. Ranar Lahadi na kai godiya coci, mata suka yi ta guɗa.

Yanzu an kwantar da shi ana yi masa ƙarin ruwa da jini don ya yi ƙwari kafin aikin. Ya ce ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai babban ɗansa ya sani. To ga shi ka sani, sai ka aiko da amsa ta hannun Umara.

Ki huta lafiya nake shirin rubutawa, don na saba rubuta wa iyaye mata na yaran ajina. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rhoda

*

Jos
Tsakiyar Agusta

Zuwa ga ƙanwata Rhoda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso hannuna lafiya. Tabitha tana amsawa, ta ce ke ma ki bar tsokana.

Na karanta farkon takardar a tsaye, na karanta ƙarshenta a zaune. Mun gode wa Allah da ya haɗa mu da likitan da ya san aikinsa. Tun da ya tabbatar miki cewa Baba zai samu sauƙi, ba ni da ja. Na amince a yi aikin, kuma ki sa hannu a madadina a duk inda ake bukata. Sai dai ban ji daɗin yadda aka bar abu tun Ista ba a sanar da ni ba. Ba laifinki nake gani ba, na san da wanda kike zaune.

Game da zuwana, ga yadda na tsara. Hutuna na shekara guda ɗaya ne, kuma kin san yadda hanyar nan take yanzu, ba hanyar da mutum zai yi ta kai da kawo ba ce. Tabitha za ta sauka wajen Nuwamba in Allah ya yarda. Saboda haka na ga ya fi kyau in ajiye hutun sai Kirsimeti. Kafin nan Baba ya warware ya mayar da jikinsa, sai mu zo gaba ɗaya da jaririn ya sa masa albarka. In na zo yanzu ba abin da zan ƙara, illa in tsaya a bakin gado in hana ma'aikata sakewa.

Ki gaya wa Baba in hanya ta lafa zan kai shi garinmu Marama ya ga mangwarorin da ya dasa. Ki ce masa kuma ya bi umarnin likita, asibiti ba makarantar da ya koyar ba ce da zai riƙa ba da oda.

Allah ya ba ki ƙarfi, ya saka miki da alheri.

Yayanki,
Yoila Dzarma

*

Gomari, Maiduguri
Ƙarshen Agusta

Yaya Yoila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya kai da Tabitha. Wannan karon ka zauna tun daga farko.

Na samu takardarka, na karanta wa Baba. Ya yi dariya a wurin ba da oda, da na zo wurin Kirsimeti kuma dariyar ta tsaya. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Shekaranjiya na je ofishin Likita Harun in gaya masa ka amince. Ina cikin murna na tambaye shi, bayan aikin wata nawa Baba zai yi kafin ya koma hawa kekensa, don ka san ba ya zaman gida. Sai likitan ya ajiye bironsa ya dube ni. Ya ce, "Malama, me kika ji na faɗa ran nan?" Na ce, "Ka ce zai samu sauƙi." Ya ce, "Haka na ce. Sauƙi na ce, ban ce warkewa ba."

Yaya, ciwon ya riga ya bazu. Ya kama hanta. Ba a iya cire shi, ko a nan ko a wani wuri. Aikin da za su yi ba na kashe ciwon ba ne. Za su buɗe cikinsa su ratsa ƙullutun da wani bututun roba, ya riƙe hanyar a buɗe, ruwa da abinci mai laushi su riƙa wucewa. Iyakarsa ke nan. Ciwon zai ci gaba da girma, wata rana ya sake toshe bututun, ko ya zama ajalinsa kafin nan. Watanni ake magana, kuma ba masu yawa ba. Ya ce akwai wata hanyar mai ƙarancin haɗari, a huda gefen cikinsa a sa tiyo a riƙa ɗura masa abinci, amma ba abin da zai sake bi ta bakinsa.

Ka san bakina. Na ce masa ya yaudare mu, na ce ya sa na je gaban jama'a na yi godiyar abin da babu. Bai yi fushi ba. Ya ce da Turanci irin wannan aikin yana da sunansa, wanda ba ya rikita kowa a cikinsu, amma Baba ya ce a yi Hausa don in ji komai da kyau. Ya ce shi Larabcin Shuwa ya sha a nono, mu kuma yaren Bura, a Hausa muka haɗu, ya laluba bai samu kalmar da ta fi sauƙi dacewa ba. Ya ce ya ga na durƙusa ina godiya, ya ɗauka haƙurin masu bi ne. Ya ba ni haƙuri har sau biyu. Na fito ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba, don mutumin bai yi ƙarya ba. Ni ce na ji abin da nake so in ji, na kuma aika maka da shi har Jos.

Na wanke fuskata a famfo, na shirya ba zan gaya wa Baba ba. Na shiga ɗakin ina fara'ar dole. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Yau dai kin gane Hausar likita." Na ce, "Baba, dama ka sani?" Ya ce, "Rhoda, tun kafin a haife ki nake zagaya marasa lafiya na coci. Wanne ne na taɓa tambaya ya jiki bai ce min da sauƙi ba? Mamarki da safiyar ranar da ta rasu na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Kalmar nan ba ta taɓa yi wa kowa alkawari ba." Na ce to me ya sa ya bar ni na kai godiya coci. Ya ce ya daɗe bai ga ina dariya ba, kuma godiya ba ta ɓaci.

Na yi kuka a kan gadonsa har mai jinyar gadon kusa, wata Hajiya Kaltum, ta zo ta janye ni waje tana ba ni baki da Barbarci, rabi ina ji rabi ba na ji.

Shi dai yana son a yi aikin bututun. Ni ban san abin da nake so ba. Abu ɗaya na sani, lissafinka na Kirsimeti a kan kuskurena ka gina shi. Ka rushe shi. Ka zo yanzu, Yaya, yana gane mutane, yana magana, yana tsokana. Ban san yadda zai kasance a Disamba ba, ko zai kasance ma.

Allah ya kiyaye hanya.

Ƙanwarka,
Rhoda

*

Jos
Farkon Satumba

Rhoda,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta same ni.

Na janye amincewar da na bayar. Na amince ne da aikin da zai warkar da mahaifina, ban amince a yanka tsoho don a ƙara masa 'yan makonni ba. Na yi tambaya a nan wurin waɗanda suka sani. An ce mutumin da ya rame haka yana iya tafiya a kan teburin aikin, ko ya farka ciwon wurin ya ƙi haɗewa. Ke za ki ɗauki alhakin wannan? Ni ba zan ɗauka ba. In ya zama dole, a sa masa tiyon gefen ciki, tun da shi likitan da bakinsa ya ce ya fi ƙarancin haɗari.

Kuma likitan da bai iya bambanta sauƙi da warkewa ba, ta yaya zan yarda da shi in ya ce ba magani? Ki karɓo hotunan da sakamakon gwajin gaba ɗaya, ki shirya Baba, Umara ya kawo ku Jos. A nan akwai manyan likitoci, in sun gaza mu wuce gaba. Ba za mu zauna mu naɗe hannu saboda maganar mutum ɗaya ba. Ni ne babba, kuma abin da na yanke ke nan.

Game da zuwana, in kun taho babu bukatarsa. Na riga na sa an gyara masa ɗakin baƙi.

Ki gaishe shi.

Yayanki,
Yoila Dzarma

Ƙari: Kin ce ya ƙara huji a bel ɗinsa. Ni na saya masa bel ɗin nan, kuma da ƙyar ya kama shi a lokacin. Tun da na karanta takardarki nake ƙoƙarin kawo shi a raina a rame, na kasa. Ban san yadda zan shigo ɗakin nan in dube shi ba, Rhoda. Kada ki karanta masa wannan wurin.

*

Daga gadon asibiti, Maiduguri
Satumba

Ɗana Yoila,

Alheri da salama su tabbata a gare ka, kai da iyalinka. Ka gaishe da 'yata Tabitha, Allah ya sauke ta lafiya.

Da hannuna nake rubutu, in ka ga layin ya karkace ka yi haƙuri, allurar ƙarin ruwa ce a hannun. Rhoda ta karanta min takardarka, ta tsaya a wani wuri ta ninke. Na karɓa na ƙarasa da kaina. Idona bai mutu ba tukuna.

Da na ce ba za a taɓa ni ba sai ka sani, girmanka na ba ka. Ban ce sai ka yarda ba. Ka yi shekaru kana aiki da takardu, ya kamata ka lura da bambancin.

Ba zan zo Jos ba. Ka san tsawon hanyar, ka san yawan shingayen da za a sauke mu a tsayar da mu a rana. Ban da wannan ma, na ga hoton hantar da idona. Likita Harun ya nuna min tabo-tabon, ya yi min bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji shida, na kuma gane. Kada ka riƙe shi a rai. Yaron kirki ne, da asuba yake fara leƙo ni kafin ya je ko'ina.

Bari in gaya maka yadda nake kwana nake tashi, don Rhoda tana rage maka. Akwai gwangwanin madara a gefen gadona, a ciki nake tofar da yawu, don yawun ma ya daina wucewa. Jikina yana samun ruwa ta jijiya, amma ƙishi yana nan a maƙogwaro bai san da wannan ba. Ina kurkure baki in zubar. In mai jinyar gadon kusa ta ɗaga kofi tana sha, sai in kama kaina ina kallon wuyanta. Ni Dzarma, da girmana, ina ƙyashin ruwan wata.

Ka ce a sa min tiyo a gefen ciki. Ni ba janareto ba ne da za a riƙa ɗura min mai ta gefe don in ci gaba da ƙara. Na san wasu sun zaɓi haka, ban ga laifinsu ba, kowa da abin da yake riƙe shi a duniya. Ni abin da nake roƙo ƙarami ne. Ina so in ɗaga moɗa daga randar gidana, in sha, in ji sanyin ya sauka har ciki. Ina so in yi addu'ar cin abinci ba da ƙarya ba. In na samu wata biyu a haka, sun fi min shida a wancan.

Ka ce ina iya tafiya a kan teburin. Gaskiya ne, likitan ma bai ɓoye min ba. In haka ta faru, ba alhakin Rhoda ba ne, ba naka ba ne, ni na sa hannu da kaina jiya. Ba na jin tsoro. Na san wanda na ba da gaskiya gare shi, kuma mamarku ta riga ni sanin hanya.

Batun ramar da kake tsoro, eh, na rame. Na koma kamar hoton kakanka da ke bango. Amma murya tawa ce, faɗan ma nawa ne bai ragu ba. Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Kai magidanci ne, matarka tana da nauyi, hanya kuma ba kyau. Duk abin da ka yi ba zan yi fushi ba.

An sa aikin ranar Talata mai zuwa. Ka yi mana addu'a.

Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka.

Mahaifinka,
Dzarma

*

Gomari, Maiduguri
Farkon Oktoba

Yaya Yoila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Sau biyu Umara yana dawowa hannu wofi. Ban tambaye shi dalili ba, kai ma ba zan tambaye ka ba.

An yi aikin. Ya farka. Da aka ba shi izinin shan ruwa ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kurɓa, muka zuba ido mu ga ko ruwan zai dawo. Bai dawo ba. Ya rufe ido ya ce, "Ya wuce." Likita Harun ya juya yana duba taga.

An sallame mu, muna gida. Kunu yana wucewa. Ran Asabar likita ya ce yana iya gwada tuwo, in an yi shi da laushi an cika miya. Na tuƙa na dawa, na yi miyar yakuwa da bandar kifi, na tsince ƙayar tas. Ya wanke hannu, ya yi addu'a, ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya ce, "Rufe. Da Yoila zan ci."

Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Kullum da rana ina tuƙawa, kullum yana wanke hannu ya ce in rufe. Likita ya ce ba zai iya faɗin tsawon lokacin da hanyar za ta zauna a buɗe ba. Jiya na ga ya yi jinkiri wajen haɗiye kunu.

Umara zai taso daga Jos ran Juma'a da safe. Na ce masa ya bar kujerar gaba, kada ya ba kowa.

Allah ya kiyaye hanya.

Ƙanwarka,
Rhoda